Yadda Ake Ɗora Wine da Fayilolin DLL a Linux Don Tsohuwar Manhajar Windows Ta Tashi

A makarantun sakandare da shagunan buga takardu na ƙauyukan da ke kewayen Ringim, Gumel, Dambatta ko Birnin Kudu, yawancin kwamfutocin da ake aiki da su gwanjo ne: HP ko Dell mai RAM gigabait 4, wadda aka sayo daga cikin Kano shekaru da dama da suka wuce. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 ma ta bi sahu ranar 14 ga Oktoban 2025, ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar irin waɗannan na'urori, don tana neman TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro da ke cikin na'ura, da furosesa ta zamani. Shi ya sa wasu ke komawa Linux Mint ko Ubuntu. Ana ɗorawa kwamfuta ta yi sakayau, sai kuma a zo kan manhaja guda tilo da ba a iya rabuwa da ita: wadda malamin jarrabawa ke fitar da sakamakon ɗalibai da ita, ko wadda mai kemis ke lissafin magunguna.

A nan Wine ke shigowa. Aiki ne da aka fara tun 1993, Alexandre Julliard ke jagorantarsa tun 1994, kuma sai a 2008 aka fitar da Wine 1.0. Ba ta ɗora Windows a cikin kwamfutarka. Duk abin da manhaja ta nema daga Windows, kamar buɗe fayil ko zana taga a allo, Wine ce ke fassara buƙatar zuwa abin da Linux ke ganewa. Saboda haka ba ta cin RAM kamar a ce ka kunna Windows sukutum a cikin VirtualBox, abin da na'ura mai gigabait 4 ba za ta ɗauka da daɗi ba.

Ɗora Wine ita kanta abu ne mai sauƙi. Inda ake shan wahala shi ne fayilolin DLL da OCX, wato kayan aikin da manhajar ke sa ran samu a Windows. Wine ta zo da nata da yawa, amma akwai waɗanda babu, sai ka kawo na Microsoft. Mutane da yawa sukan kwaso duk sunan da suka gani su antaya a lokaci guda, data ta ƙare, manhaja kuma ta ƙi tashi. Hanyar da nake bi ita ce: a bar manhajar ta faɗi abin da ta rasa da bakinta, a ba ta shi kaɗai, a sake gwadawa.

Kafin ka taɓa komai

Kwafe bayanan tsohuwar manhajar tukuna. Irin waɗannan manhajoji na sakamako da lissafi galibi da Visual Basic 6 aka rubuta su, bayanansu kuma na zaune a fayil ɗin Microsoft Access, manhajar adana bayanai, mai ƙarewa da .mdb, a cikin foldar manhajar. Ɗauki foldar gaba ɗaya zuwa filashi, haɗe da fayil ɗin setup.exe idan yana nan.

Cika batir. Idan da sola kuke aiki, yi wannan da hantsi, ba da yamma da rana ta yi sanyi ba. Kwamfutar tebur da ba ta da UPS kuwa, kar a fara sai janareta na kunne da isasshen mai.

Buɗe Terminal da Ctrl, Alt da T a tare, ka rubuta:

uname -m

Idan ya nuna x86_64, ka ci gaba. Sannan:

cat /etc/os-release

Nemi layin UBUNTU_CODENAME. Ubuntu 24.04 da Linux Mint 22 za su nuna noble; Ubuntu 22.04 da Mint 21 za su nuna jammy. Riƙe wannan suna.

Mataki na farko: buɗe ƙofar 32-bit

Linux ɗinka 64-bit ne, amma tsofaffin manhajojin Windows kusan dukkansu 32-bit ne, har da fayilolin setup na wasu sababbi. Sai ka sanar da tsarin cewa za ka riƙa ɗora kayan 32-bit:

sudo dpkg --add-architecture i386
sudo apt update
sudo apt upgrade

Zai nemi kalmar sirrinka. Yayin da kake rubutawa mai yiwuwa ba abin da zai fito a allo, ko tauraro ɗaya. Haka yake, rubuta ka danna Enter.

Layi na uku shi ne wanda ake tsallakewa don tsimin data, kuma shi ke jawo dogon saƙon nan na "unmet dependencies". Dalili kuwa: idan akwai kunshi ɗaya mai nau'in 64-bit da na 32-bit a na'ura ɗaya, dole lambar sigarsu ta zo daidai. Na 64-bit ɗinka tsoho ne tun ranar da aka ɗora Linux daga filashi, na 32-bit kuma sabo zai zo daga intanet, sai apt, mai ɗora manhajoji a Linux, ya ƙi haɗa su. Ka daure ka sabunta sau ɗaya.

Mataki na biyu: ɗora Wine

Idan noble ka gani, shawarata ka ɗauki Wine 9.0 da ke cikin rumbun Ubuntu. Ta fito a Janairun 2024, ta ishi tsofaffin manhajoji, ba ta kuma bukatar ƙara wani rumbu:

sudo apt-get install --install-recommends wine wine64 wine32:i386 winbind cabextract unzip p7zip-full

Kafin ya fara saukewa zai faɗa maka megabait nawa zai ci, a layin da ya fara da "Need to get". Duba datarka kafin ka danna Y, domin ɗaruruwan megabait ne. Da gangan na rubuta apt-get a wannan layi maimakon apt: shi apt yana goge fayilolin .deb, wato kunshin manhajojin da ya sauke, da zarar ya gama, shi kuwa apt-get yana barinsu a /var/cache/apt/archives. Za mu dawo kan amfanin haka.

Idan jammy ce, Wine ɗin rumbunta 6.0.3 ce, ta kwana biyu. Gara ka jawo ta WineHQ:

sudo mkdir -pm755 /etc/apt/keyrings
sudo wget -O /etc/apt/keyrings/winehq-archive.key https://dl.winehq.org/wine-builds/winehq.key
sudo wget -NP /etc/apt/sources.list.d/ https://dl.winehq.org/wine-builds/ubuntu/dists/jammy/winehq-jammy.sources
sudo apt update
sudo apt-get install --install-recommends winehq-stable winbind cabextract unzip p7zip-full

Masu Mint su kula: sunan Ubuntu ake sawa a wannan adireshi, ba sunan Mint ba. Mint 22 sunanta wilma, kuma babu foldar wilma a rumbun WineHQ. Kar kuma a haɗa Wine ta Ubuntu da ta WineHQ a na'ura ɗaya. A cire ɗaya kafin a ɗora ɗaya.

In wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗorawa, ba sai an sake Linux ba. Waɗannan biyun kan gyara:

sudo dpkg --configure -a
sudo apt --fix-broken install

Tabbatar da wine --version. Daga nan zuwa ƙarshe, duk umarnin da ya fara da wine ko winetricks ba a sa masa sudo. Wanda ya sa, fayilolin da aka ƙirƙira za su zama mallakar root, babban mai iko da tsarin, gobe ya zo buɗewa a hana shi.

Mataki na uku: winetricks

Winetricks ɗan rubutun umarni ne da ke sauko da fayilolin Microsoft ya zuba su inda ya dace. Akwai shi a rumbun Ubuntu, sai dai na can kan tsufa: Microsoft ta sabunta fayil a wajenta, tsohon winetricks ya duba ya ga lambar tantancewa ba ta yi daidai ba, ya tsaya da saƙon "SHA256 mismatch". Ɗauko sabo kai tsaye:

wget https://raw.githubusercontent.com/Winetricks/winetricks/master/src/winetricks
chmod +x winetricks
sudo mv winetricks /usr/local/bin/

Mataki na huɗu: kowace manhaja da ɗakinta

Wine tana ajiye komai a wata folda da ke kwaikwayon faifan C na Windows, da Program Files ɗinta da rajistarta. Idan ba ka ce komai ba, za ta yi amfani da ~/.wine ga kowace manhaja. Kar ka bari. Kamar gidan haya ne: kowa da ɗakinsa, in ɗaki ɗaya ya yi yoyo ba a kwashe kayan maƙwabci. DLL ɗin da ya gyara manhajar sakamako yana iya lalata ta lissafi, kuma cire abin da winetricks ya zuba ya fi wuya a kan goge ɗakin a sake sabo.

Ga ɗakin manhajar makaranta:

export WINEPREFIX="$HOME/wine-makaranta"
WINEARCH=win32 wine winecfg

Layi na farko yana aiki ne muddin wannan tagar Terminal ɗin na buɗe. Ka rufe ta, sai ka sake rubuta shi, in ba haka ba duk abin da ka ɗora zai tafi ~/.wine kana nan kana mamakin me ya sa ba abin da ya canja. WINEARCH=win32 kuwa sau ɗaya ake faɗarsa, ranar gina ɗakin, kuma ba a mayar da ɗakin 64-bit ya koma 32-bit daga baya.

Me ya sa 32-bit? Saboda injin Jet da ke karanta fayilolin .mdb ba ya shiga ɗakin 64-bit ta hanyar winetricks. Wannan ma wani dalili ne na zama a kan Wine ɗin rumbun Ubuntu: Wine da aka gina da sabon tsarin WoW64, mai gudanar da manhajar 32-bit ba tare da kayan 32-bit na Linux ba, ba ta karɓar WINEARCH=win32. Manhaja ta zamani da ba ruwanta da Access kuwa, bar WINEARCH ɗin, ɗakin 64-bit na ɗaukar iri biyun.

Mai Wine ta WineHQ zai ga taga tana tambayar a sauko da Wine Mono, madadin .NET, injin Microsoft da wasu manhajoji ke gudana a kansa. Idan manhajarka ta Visual Basic 6 ce, ba ta bukatarsa, danna Cancel ka tsira da datarka. Da tagar winecfg ta buɗe, a shafin Applications zaɓi Windows ɗin da manhajar ta saba da ita, galibi Windows 7 ko XP, ka danna OK.

Mataki na biyar: bari manhajar ta yi magana

Shiga foldar da setup yake, ka kunna shi:

cd ~/Downloads/sakamako
wine setup.exe

Idan fayil ɗin .msi ne: wine msiexec /i sunansa.msi. Idan babu setup sam, foldar kawai aka ba ka, kwafe ta zuwa ~/wine-makaranta/drive_c/Program Files/.

Yanzu kunna manhajar daga Terminal, ba ta danna alamarta ba, kana tara duk abin da Wine ta faɗa a fayil:

cd "$WINEPREFIX/drive_c/Program Files/Sakamako"
wine sakamako.exe &> ~/rahoto.txt
grep -i "not found" ~/rahoto.txt

Shiga foldar da cd yana da muhimmanci, don tsofaffin manhajoji da yawa suna neman fayil ɗin bayanansu ne a inda aka tsaya aka kira su.

Idan ka buɗe rahoto.txt mai yiwuwa ka ga layuka rututu da suka ƙunshi fixme. Sha kuruminka, waɗannan tunatarwa ce ga masu rubuta Wine. Layukan err su ne naka, musamman irin wannan:

err:module:import_dll Library MSVBVM60.DLL (which is needed by L"C:\\Program Files\\Sakamako\\sakamako.exe") not found

Ta faɗi sunan abin da ta rasa ƙarara: MSVBVM60.DLL, injin Visual Basic 6. Maganinsa:

winetricks -q vb6run

Harafin -q na hana shi tsayawa yana tambayarka Next, Next. Sake kunna manhajar. Mai yiwuwa yanzu ta buɗe rabi, ta jefo ƙaramar taga cewa MSCOMCTL.OCX "not correctly registered". An ci gaba kenan:

winetricks -q comctl32ocx

Sake kunnawa. Ka sa sunan shiga, ka danna, sai ga "Run-time error 3706: Provider cannot be found". Wannan ita ce manhajar ke neman hanyar isa ga fayil ɗin .mdb:

winetricks -q jet40

Shi da kansa zai jawo MDAC, kayan Microsoft na isa ga bayanai, da yake bukata. A irin wannan manhaja, sau da yawa abu uku ko huɗu ne suke raba ka da aiki, kuma dukkansu ƙanana ne.

Sauran sunayen da za ka iya cin karo da su: COMDLG32.OCX na tafiya da comdlg32ocx, MSFLXGRD.OCX da msflxgrd, RICHTX32.OCX da richtx32, TABCTL32.OCX da tabctl32, MFC42.DLL da mfc42. Fayilolin Visual C++ kuwa lambar da ke jikin sunansu ke nuna shekararsu: 80 na 2005 ne, 90 na 2008, 100 na 2010, 110 na 2012, 120 na 2013, 140 kuma ya haɗe 2015 zuwa 2022. Don haka mfc100u.dll na nufin vcrun2010, mfc140u.dll na nufin vcrun2022. Umarnin winetricks dlls list zai jero maka duk abin da yake da shi, winetricks list-installed kuma abin da ka riga ka zuba a wannan ɗaki.

Wani lokaci fayil ɗin OCX ɗin yana nan cikin foldar manhajar, wanda ya rubuta ta ya haɗo shi, rajista kawai ya rasa:

wine regsvr32 sunansa.ocx

Abin da ban yarda da shi ba shi ne shiga shafukan da ke raba DLL ɗaya-ɗaya a sauko. Ba ka san wa ya taɓa fayil ɗin ba, ba ka san 32 ne ko 64 ba.

.NET shi ne mai nauyi

Idan rahoton ya ambaci mscoree ko Mono, ko manhajar ta nemi .NET Framework, to aikin ya ɗan girma. Fayil ɗin dotnet48 ya haura megabait 100, kuma winetricks zai fara ɗora dotnet40 kafin shi, ya kuma cire Wine Mono idan yana nan. Kafin ka fara, yi wa ɗakin kwafi:

cp -a ~/wine-makaranta ~/wine-makaranta-ajiya
winetricks -q dotnet48

A tsohuwar na'ura yana ɗaukar lokaci mai tsawo, allon ya yi tsit kamar ya maƙale. Kar ka yi garaje ka rufe. Je ka yi sallah ka dawo. In ya lalace, goge ɗakin ka dawo da ajiyar. In wata taga ta ƙi rufuwa, wine wineboot -k zai kashe duk abin da ke gudana a ɗakin.

Akwai kuma yanayin da DLL ɗin yana nan amma na Wine ne, manhajar kuma ta fi son na Microsoft. Ana ganin haka da riched20, gdiplus da msxml6: akwatin rubutu ya fito fanko, ko hoto ya ƙi zanuwa. Winetricks na ɗora na Microsoft ya kuma gaya wa Wine ta fifita shi. Za ka ga jerin a winecfg, shafin Libraries: native na nufin na Microsoft, builtin na Wine. Idan sauyin ya ƙara dagula lamari, goge sunan daga jerin, komai ya koma yadda yake.

Haruffa da firinta

Idan rubutun manhajar ya fito a cukurkuɗe ko ya fita daga akwatinsa, winetricks -q corefonts zai kawo Arial, Times New Roman, Verdana da 'yan'uwansu. Sai dai waɗannan tsofaffin siga ne, ba su da ɓ, ɗ, ƙ. Sunan ɗalibi kamar Ɗanladi zai iya fitowa da ɗan akwati a farkonsa. Wine tana ganin haruffan da ke cikin Linux, saboda haka:

sudo apt install fonts-dejavu fonts-noto-core fonts-sil-andika

sannan ka zaɓi DejaVu Sans ko Andika a cikin manhajar, in tana ba da zaɓi. Amma akwatunan rubutu na asali na Visual Basic 6 ba sa riƙe waɗannan haruffa ko a Windows ɗin ma, don haka idan da can alamar tambaya take nunawa, Wine ba za ta gyara ba. Masu rubutun ajami kuma akwai fonts-sil-alkalami, wanda SIL ta zana bisa salon rubutun hannu na ƙasar Kano.

Firinta kuwa, kar ka sa faifan direbanta na Windows a Wine, ba zai yi ba. Saita ta a Linux, ka buga shafin gwaji. Da ta yi aiki a can, za ta bayyana a jerin firintocin manhajar, domin Wine na bi ta CUPS ne, tsarin bugawa na Linux.

Saukewa ɗaya, kwamfuta goma

A inda sai an hau tudu ko an je bakin titi kafin sabis ya kama, wannan sashe ya fi komai amfani. Duk abin da winetricks ya sauke yana ajiye shi a ~/.cache/winetricks, ba ya kuma sake saukewa in ya tarar da shi a can. Fayilolin .deb na /var/cache/apt/archives. Kwashe su biyun zuwa filashi:

cp -r ~/.cache/winetricks /media/$USER/FILASHI/
mkdir /media/$USER/FILASHI/deb
cp /var/cache/apt/archives/*.deb /media/$USER/FILASHI/deb/

Sa sunan filashinka a madadin FILASHI. A kwamfuta ta biyu, wadda dole ta kasance siga ɗaya da ta farko, yi dpkg --add-architecture i386 da apt update, ka zuba fayilolin .deb a /var/cache/apt/archives da sudo cp, ka mayar da foldar winetricks cikin ~/.cache, sannan ka bi matakan nan kamar yadda suke. Abin da apt ya tarar a gida ba zai sake saye da datarka ba. Wanda zai shiga Dutse ko Kano ranar kasuwa ma yana iya tafiya da kwamfutar ya sauke komai a inda intanet ke da ƙarfi, ta hanyar ƙara --download-only a layin apt-get, ya dawo ya ɗora a natse.

Ɗakin da ya riga ya yi aiki ma ana ɗaukarsa ɗungurungum, amma ba da kwafi na yau da kullum ba. A cikinsa akwai foldar dosdevices mai ɗauke da mahaɗai masu suna c: da z:, filashi mai tsarin FAT32 kuma ba ya karɓar irinsu. Ɗaure shi tukuna:

tar czf ~/wine-makaranta.tar.gz -C ~ wine-makaranta

A can kuma ka kwance da tar xzf wine-makaranta.tar.gz -C ~. Ya fi tafiya daidai idan sunan mai amfani iri ɗaya ne a na'urorin biyu. Wannan ɗaurin shi ne kuma ajiyarka ta ƙarshen zango, tunda fayil ɗin .mdb na ciki.

Don malamin jarrabawa kar ya riƙa fama da Terminal kullum, rubuta wannan a fayil mai suna sakamako.sh:

#!/bin/sh
export WINEPREFIX="$HOME/wine-makaranta"
cd "$WINEPREFIX/drive_c/Program Files/Sakamako"
wine sakamako.exe

Ka yi chmod +x sakamako.sh, ka ajiye masa a fuskar allo.

Inda Wine ta tsaya

Direbobin na'urori na Windows ba sa aiki a cikinta. Manhajar da ta dogara da direban na'urar ɗaukar zanen yatsa, ko akwatin filashin waya, ko makullin USB na lasisi, yawanci ba DLL ɗin da zai tashe ta. Ita sai Windows ta gaske. Manyan manhajoji irin su CorelDRAW da Photoshop kuwa, duba appdb.winehq.org kafin ka ƙona data. Ana ba kowace siga daraja daga Platinum, Gold, Silver, Bronze zuwa Garbage, sau da yawa kuma tsohuwar siga ta fi sabuwa tafiya. Manhajar da wani ɗan Kano ya rubuta wa makarantarku ba za ta kasance a can ba, rahoto.txt ne jagoranka.

Sannan Wine tana kunna bairos ɗin Windows kamar yadda take kunna manhajar kirki. Faifan Z: da ke cikinta hanya ce zuwa duk fayilolin Linux ɗinka, don haka .exe ɗin da ya zo a filashin kwastoma zai iya taɓa takardunka. A shagon da filashi ke shiga da fita dare da rana, ka buɗe wa Wine manhajar da ka sani kaɗai, kuma idan ka ga fayil mai kama da folda amma sunansa ya ƙare da .exe, goge shi daga Linux ba tare da ka danna shi ba.